Tsanin Wuyan Inna Asabe

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kowacce ta ɗauki tumatir ɗaya a kwandon can, nunanne, wanda ya fara laushi, ta zo ta zauna. Na ga kuna kallon juna. Kun zo koyon gyaran jiki, kun ɗauka yau za a ba ku kwaɓin dilka ku shafe wata amarya, gobe ku buɗe shago ku manna hotonku a ƙofa. Amarya ai ba aiki ba ce. Yarinya ɗanya shar, ko da ruwan kwata kika wanke ta sheƙi za ta yi, ke kuma ki kwashe yabo a banza. Aikin yana wuyan uwarta.

Ni ma da tumatir aka fara min. Wadda ta koya min sana'ar nan Ya Falmata ce, mutuniyar Borno, mijinta yana cikin masu buɗe ruwa da rufewa a gonakin Kadawa. Ƙuli-ƙuli nake kai mata, ƙamshin ɗakinta ya riƙe ni, na ce ta koya min. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama hannuna ta murza, ta ce da Hausarta mai karkata, "Ladidi, wannan hannu na daka ne, ba na mutane ba." Duk da haka ta karɓe ni. Na yi watanni ban taɓa jikin kowa ba. Tankaɗen dusar shinkafa, dakan kurkum, hura gawayi a kasko, wankin tsummoki, shi ke nan. Da ta ga ban gudu ba, sai ta miƙo min tumatir da ɗan man kaɗanya, ta ce in murza shi daga gindi zuwa sama har man ya narke ya bi jikinsa, amma kada fatar ta fashe. In ta fashe, a jefa a tukunya. Mijinta ya sha miyar tumatir a gidan nan har ya fara tambaya ko an hana sayar da kuka a garin.

Ranar da na murza guda har ya yi ɗumi a hannuna bai fashe ba, ta ce, "To, haka wuyan tsohuwa yake." Fatar wuya da ta ƙirji ba irin ta fuska ba ce. Sirara ce, ba kitse a ƙarƙashinta, ba ta son ja, ba ta son gurza. Sama ake shafawa, ba ƙasa ba, don ƙasa kam shekaru suna ja mata ba tare da taimakonki ba. Ba a ɗora mata halawa a fizge. Ba a zuba mata lemun tsami a sake ta cikin rana. In za a yi hayaƙi, wuta kaɗan, bargo a sassauta. Duk wadda ta riƙe wannan ta riƙe rabin abin da na sani.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma babu wanda sai an je birni. Dusar shinkafa mai laushi daga injinan Kura, wadda a da kyauta suke ba ni, kafin su gane akwai abin da nake yi da ita. Kindirmo daga wata Bafulatana da ke zuwa daga rugar bayan Bunkure, kuma ni ba ta taɓa tsarma min ruwa ba, don na ce mata a wuyanta zan fara gwadawa. Man kaɗanya, zuma, kurkum ɗan kaɗan, sabulun salo, garin dilka in na samu mai zuwa Maiduguri. Sai kasko, kujera mai rami, tsohon bargo, da rariya mai ƙananan ido. Rariyar nan ta girme ku duka, kuma ta fi wasunku amfani.

Wanda ya buɗe min kasuwa kuwa ba malami ba ne, ba boka ba. Mai bidiyo ne. Kafin a fara ɗaukar biki a kaset, mace a nan ba ta san wuyanta ba. Madubinta ɗan ƙarami ne na marfin hoda, fuska kawai yake nunawa, ita ma rabi-rabi. A waje kuma hijabi ya rufe komai. Sai ga shi a farkon shekarun dubu biyu kowane mai ɗan hali yana kiran yaro da na'ura a kafaɗa ranar wuni, mata sun cire mayafai, an sha ɗaurin ɗankwali, an sa leshi mai faɗin wuya. Bayan biki a tayar da janareta a zauna kallo. Matar wani dillalin shinkafa ita ce ta fara zuwa min. Ta ce tana cikin kallo ta ga wata tana rawa, ta tambayi 'ya'yanta, "Wace tsohuwa ce wannan ta sa leshi irin nawa?" Ashe ita ce da kanta. Washegari da hantsi tana zaurena, ta yaye hijabi ta ce, "Ladidi, dubi abin da ake yawo da shi ban sani ba."

Na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa, kuma ku ma ku riƙa faɗa. Ba na mayar da tsohuwa yarinya. Da ina iyawa da kaina zan fara, ga wuyana nan kuna gani. Abin da nake yi shi ne in cire dattin da ya kwanta a cikin tamojin, in sa fata ta sha mai ta huta, ta yi laushi, launinta ya daidaita, sarƙa ta kwanta a kai ba tare da ta shige lungu ba. Mai son fiye da haka ta je ta roƙi Allah, shi ne ya yi ta.

Mafi yawan masu zuwa min masu turarar shinkafa ne. Ku da kuka tashi kuna ganin shinkafa a buhu ba ku san abin da take ci a jikin mace ba. Ta tsaya a kan rabin duro tun safe, tururi yana dukan ta daga ƙasa. Ta kwashe ta baza a shanya, rana tana dukan ta daga sama. Fuska tana samun inuwar ɗankwali, amma daga haɓa zuwa inda wuyan riga ya tsaya babu mai kare shi. In ta cire riga sai ki ga shatar wuyan rigar a ƙirjinta kamar an zana. Irin waɗannan nakan ce musu maganin farko ba a kwanona yake ba, su yafa tsumma mai kauri a wuya in za su buɗe duro. Sai su ce zafi. In ce to, ku ci gaba da dafuwa tare da shinkafar, ni ina nan.

Haka muka yi ta tafiya har shekarar man haɗi. Wata mata mai babbar jaka ta fara zuwa daga birni ranar kasuwa, tana bin gidaje da wani mai a ƙananan robobi, ba suna a jiki, ba komai. Ita take haɗa abinta. Ta ce mako guda wuya zai yi fari tas, tamoji su gudu. Kuma gaskiya a makon farko yana yi, shi ne sharrin abin. Ni ina cewa a zo min sau da yawa a yi haƙuri, ita tana cewa mako guda. Wa zai tsaya wajena? Zaurena ya koma wajen kwanan kaji. Mata suna wucewa ta ƙofata da fuska kamar gwanda, suna gaishe ni da tausayi. Wata har cewa ta yi, "Yaya Ladidi, ai yanzu an ci gaba." A ranin nan sai da na koma yankan tumatir ana shanyawa a bakin titi, ni da na yi watanni ina koyon yadda ba zan fasa shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ana cikin haka aka kawo min Inna Asabe. Tsohuwar mai turara ce daga wani ƙauye kusa da Bunkure, mijinta ya daɗe da rasuwa, da duron nan ta rene 'ya'yanta. Na san ta sama-sama, don ba ta taɓa zuwa gyara ba, takan ce wuyanta ba na haya ba ne. 'Yarta Hadiza, wadda ke aure a birni, ita ta riƙo ta suka shigo, ita Hadizar tana ta sunkuyar da kai. Da tsohuwar ta ɗaga hijabi sai da na yi salati. Daga maƙogwaro har tsakiyar ƙirji ya kumbura, ya yi ja, wani wurin ya saɓule yana ruwa, wani wurin ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Inna, wuta kika faɗa?"

Ta ce, "Ina fa. Gata aka yi min." Ta nuna 'yar da haɓa.

Hadiza ta fara bayani tana haɗiye rabin maganar. Autansu Sani zai yi aure, 'yar wasu manyan mutane a birni zai ɗauko. Dangin amarya za su zo wuni har ƙauye, da mai bidiyonsu. Ita kuma Inna tana da jarfa, irin zanen da wanzamai suke yi wa 'yan mata a da, a tsaga da aska a shafa baƙin tukunya, ya zauna har abada. Nata daga wuya ya sauko har ƙirji. "Wallahi Yaya Ladidi ba da mugunta na yi ba. Kin san mutanen birni, su ga abu su ce lokal. Matar ta ce man zai goge shi, a lafta da yawa."

An lafta da yawa kuwa. Abin da mai jaka ba ta faɗa ba, don ba ta taɓa ganin duron turara ba, shi ne masu shafa man nata a birni ƙarƙashin fanka suke wuni. Inna Asabe kuwa ta shafa da asuba, ta je ta tsaya a kan tururi, ta fito ta shiga rana. Ba kwana ɗaya ba, ba biyu ba. Da ya fara zafi ta ce ai magani ne yake aiki.

Na ce musu ciwo ba aikina ba ne. Ku ma ku ji da kyau, fatar da ke ruwa ba a ɗora mata dilka, ba a ɗora mata komai, asibiti ake kai ta. Na raka su da ƙafata har asibitin Kura, wata nas ta wanke, ta ba da na shafawa da na sha, ta yi wa Hadiza faɗan da ya rage min aiki. Ta ce in ya kame a dawo wajena, ta san ni.

Da ya kame suka dawo, biki saura 'yan makonni. Na fara lissafa wa tsohuwar abin da zan iya, cewa fatar za ta yi laushi, baƙin zai ragu, in an sa sarƙa mai faɗi ba kowa zai lura ba. Ta ɗaga min hannu.

"Ke Ladidi, ni ba yarinta na zo nema ba. Na yi ta, na gaji da ita. Tsanina nake so ki nemo min."

Na ce, "Wane tsani, Inna?"

Ta ce zanen nata, haka suke kiransa. Layi biyu ne suka sauko daga wuya, da 'yan matakai a tsakani, da ɗigo-ɗigo a gefe. Duk 'yan matan tsohon garinsu irinsa aka yi musu, garin da aka tashe su daga shi lokacin da aka zo haƙa hanyoyin ruwa, yanzu shinkafa ce a kansa. Malam Tanko, mijinta, shi ya kai wa wanzami ɗan akuya aka yi mata ana gab da bikinsu. "Garin babu, mai akuyar babu, akuyar ma an cinye. Shi kaɗai ya rage. In ban same shi ba, ba zan zauna a wunin nan ba. Su yi bikinsu, ni ina ɗaki."

Hadiza ta ce, "Haba Inna, bikin Sani fa."

"Ko bikin wa. Ba zan tsaya gaban baƙi da wuyan da ban sani ba."

Na san irin tsofaffin nan, in sun faɗa sun gama. Uwar ango a ɗaki ranar wuni kuwa magana ce da za ta bi yaron har gidansa, a ce ba ta son auren.

Ban taɓa yin aiki a hankali irin wannan ba. Babu dilka, babu hayaƙi, babu kurkum. Kindirmo mai sanyi da dusar da na tankaɗe har sai da ta koma kamar hoda, in ɗora da tafin hannu ba murzawa, in bari ya sha, in wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan. Sai zuma. Sai man kaɗanya, da 'yan yatsu biyu, daga ƙasa zuwa sama. Na hana ta duro, na hana ta rana. Wannan ya fi komai wuya, don sai da na sa Hadiza ta tare a gidan tana gadinta, kuma ita Hadizar, 'yar birni, ta karɓi turarar. Na je wata rana na same ta a bakin duro, ido ya yi ja, gumi har haɓa, na ce, "Hajiya, ya lokal?" Ta ci gaba da kwasar shinkafa.

Kullum na zo tsohuwar sai ta tambaya, "Ya fito?" Sannu a hankali kumburi ya sauka, baƙin ya fara washewa, sai ga matakan ƙasa suna ɗagowa a ƙirji ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ce mata na ga ɗigo, sai da ta sa aka siyo min tsire. Amma daga ramin wuya zuwa sama, inda man ya fi ci, fata sabuwa ce ta fito, sumul, mai ɗan sheƙi. Babu zane a ciki, kuma na san ba zai dawo ba. Ana jibi biki na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Rabin tsani wa yake kaiwa sama?"

Na ce akwai dabara ɗaya. Wanzami kam ba mai kira, an daina, kuma fatar ba za ta ɗauki aska ba. Baƙin lalle na kanti shi ma zai ƙone ta. Amma kwalli da ɗan mai, in aka ja shi da tsinke, zai zauna wuni guda, daga nesa ba mai bambancewa. Ta ce a gwada.

Ranar wuni da safe na je da tandun kwalli. Gida ya cika, ana ta ɗora tukwane, an ce motocin birni sun taso. Na zaunar da ita a bakin gado, na tsoma tsinke, sai na tsaya. Ban san zanen ba. Ban taɓa ganin wuyanta kafin ya ƙone ba. Na ce, "Inna, matakan saman nan yaya suke?"

Ta kai hannu tana lalube, babu abin da yatsa zai ji. "Yo ni ina na taɓa ganinsa da kyau? A wuyana yake. Malam ne mai kallo."

Sa'o'inta da aka yi musu tare duk sun rasu ko sun watse. Na ce to bari in kwaikwayi na ƙasa in haura da shi. Na ja layi biyu a miƙe, masu kyau, na fara jera matakai. Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, ta sha kwalliya. Sai na ji ta ce, "Ba haka yake ba."

Na ce, "Ke da kika ba da kwangilar rushewa, yanzu kuma ke ce mai duba gini?"

Ba ta kula ni ba. Ta ajiye farantin, ta ɗauki tsumma ta goge abin da na yi, ta karɓe tsinken daga hannuna. Ta durƙusa a gaban uwar da leshinta da komai. "Na hagun ba a miƙe yake ba, a nan ya ɗan karkace, kamar hannun wanzamin ya goce. Matakan sama kuma sun fi matsuwa." Tana faɗa tana ja, ba ta tsaya tunani ko sau ɗaya ba. Sai da ta kusa gamawa na ga hawaye yana ɗiga a kan cinyar uwar.

Inna Asabe ta ɗaga haɓa sama, ba ta motsa ba. Can ta ce, "Ya yi?"

Hadiza ta ce, "Saura ɗigo ɗaya, Inna. Wanda nake ɗora yatsa a kai in za ki sa ni barci."

Ta ɗiga shi a ƙarƙashin kunnen dama, inda ni ko shekara zan yi ba zan san akwai wani abu ba.

Tsohuwar ta miƙe, ta ture sarƙa mai faɗin da aka saya don rufe wurin, ta ce a ba ta siririyar. Ta fita tsakar gida daidai lokacin da mai bidiyo yake shigowa, ta tsaya a gabansa ta ce, "Ɗan nan, matso da abin naka nan."

To, ku ɗebi mai. Daga gindi zuwa sama na ce. Ke mai jan ɗankwali, naki ya riga ya fashe, kai shi kicin ki ɗauko wani.